Ba Na Goge Abin da Ban Kwashe Ba

Jiya ma sai da wani saurayi ya sake faɗa mini, yana tsaye a ƙofar shagona yana juya filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, a ɗan yatsa kamar mukullin mota. Wai shi bai ga abin da ke cikin aikin nan da har za a kira shi sana'a ba. "Oga Lawal, mene ne a ciki? Ka soka filas, ka danna nes, nes, nes, ka yi ta wucewa gaba, ka je ka sha shayi, ka dawo windo ya hau." Ban tanka masa ba, don a lokacin sukuddireba na bakina. Amma maganar ta tsaya mini a rai, kuma ba shi kaɗai ke yin ta ba, duk 'yan cajin waya na layin tasha haka suke gani. To yau ga amsarku, ku duka.

Gaskiya ne, sa wa kwamfuta windo, wato babbar manhajar da take tashi da ita, ba wuya. Akuya ma in ka nuna mata inda za ta taka, za ta sa. Abin da ba ku sani ba shi ne a tsakiyar aikin akwai wani shafi guda mai layi uku ko huɗu, inda kwamfuta ke tambayarka: a wane ɗaki zan zauna, wane ɗaki kuma zan share? A wannan shafin sana'ar take. Shekara goma sha tara ina wannan aiki a Daura, kuma na taɓa ganin ranar da muryar wani mamaci ta rage saura danna maɓalli ɗaya ta ɓace daga duniya, mahaifinsa ne kuma da bakinsa ya ce a goge. Zan ba ku labarin. Amma sai kun fara jin inda na samo taurin kan da na yi masa a ranar.

A wajen Oga Obinna na koyi aiki. Mutumin kudu maso gabas ne, Kirista, yana sayar da kayan babur a gaban shago, a baya kuma yana da tebur guda da yake gyaran kwamfuta. Ranar Lahadi ya rufe ya tafi coci, ranar Juma'a kuwa shi ke kora ta masallaci tun kafin a yi kiran farko. Shekarata ta farko a wajensa ban taɓa maɓalli ba. Busa ƙura, ɗaukar janareta, goge faifan CD da gefen riga, shi ke nan. A lokacin da faifai ake zuba windo, kuma in faifan ya sami ƙarzuwa ɗaya sai ya kai ka tsakiyar aiki ya tsaya cak, ka zauna kana kallonsa yana kallonka.

Da filas ta shigo, a gabana Oga ya fara haɗa ta. Ya nuna mini cewa ba kwafa ake yi a kai kamar waƙa ba. Akwai manhajar da ke share filas ɗin tas, ta rubuta windo a kai ta yadda kwamfuta za ta iya farkawa daga cikinta maimakon daga had-dis, wato ƙarfen nan na ciki da komai ke ajiye a kansa. Ya nuna mini kowace kwamfuta da maɓallin da ake danna mata tana kunnuwa, wata F12, wata F9, wata kuma sai ka shiga can cikin hanjinta ka sauya mata tsari kafin ta yarda ta kalli filas. Numfashi biyu gare ka, in ka makara sai ka kashe ka sake. Cikin wata uku na iya duk wannan, kaina ya kumbura, na fara ganin Oga yana da nawa. Wato ni ma na taɓa zama irinku, shi ya sa ba kwa ba ni mamaki.

Malam Isa ne ya sauke mini kan. Tsohon hedimasta ne daga Sandamu, ya yi ritaya, ya shekara shida yana buga tarihin ƙauyensu da yatsu biyu. Tsofaffi ya riƙa bi gida-gida yana ji daga bakinsu, rijiyar wane ce ta farko, wa ya sari wane daji, kuma akasarinsu sun riga sun rasu. Kwamfutarsa ta yi nauyi, ya kawo, ya tarar Oga ya tafi Kano saro kaya. Na ce masa ya je ya yi cefanensa ya dawo. Na soka filas, na iso shafin nan, na ga ɗaki biyu. Na ce bari in yi aiki mai tsabta, na share duka biyun. Kafin ya dawo windo ya hau, allo yana ƙyalli, ni kuma ina zaune na harɗe ƙafa ina jiran yabo.

Ya sa tabarau, ya duba nan, ya duba can. Ya ce, "Ɗana, ina littafina?"

Kwana uku muka yi da Oga muna haƙa a cikin had-dis ɗin nan. Abin da muka tsamo bai wuce 'yan shafuka ba, su ma rabi rubutu rabi shirme. Malam Isa bai zage ni ba. Ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ya maƙale kwamfutarsa a hammata ya fita yana jan ƙafa. Wallahi da ya mare ni da na fi jin daɗi. Har yau in na bi ta Sandamu ba na iya tsayawa shan ruwa.

Oga ma bai dake ni ba. Ya karɓi filas ɗina, ya tsinko jan zare daga bakin wani buhu ya ɗaura mata. Ya ce, "Lawali, duk ranar da ka ga zaren nan, ka tambayi kanka, na kwashe? Ko mai kaya ya rantse maka babu komai a ciki, kai dai kwashe tukuna. Mutum ba ya zuwa nan da lissafin abin da ke cikin kayansa, sauri kawai yake zuwa da shi." Filas ɗin ta mutu tuntuni, na sauya fiye da goma bayanta, amma kowacce sai na ɗaura mata jan zare kafin ta fara aiki.

Kayan aikina ba su da yawa, ku leƙo ku gani. Filas uku: mai jan zare ta zuba windo, ɗaya mai ɗauke da wata 'yar ƙaramar manhaja da ke tayar da kwamfuta ba tare da ta taɓa had-dis ba, da ita nake shiga in kwashe kayan mutane, ta ukun kuma ta direbobi ce, waɗanda in babu su windo zai hau amma ba sauti ba intanet. Sai wani babban had-dis na waje da nake ce wa rumbu, nan nake juye kayan kowa kafin in goge. Sai sukuddireba biyu, tsohon burushin haƙori, da fanka. Filas ɗin da kuke saya a bakin titi, wadda aka rubuta mata girman da ba ta da shi, ba ta shiga shagona ko da kyauta ce.

Shekarar da na fi shan wuya ita ce wadda Oga ya koma garinsu. Mahaifinsa ya tsufa, ya tattara ya tafi, ya bar mini teburin da rumbun. A daidai lokacin ne kuma kowane mai cajin waya ya sami filas, ya kalli bidiyo biyu a waya ya zama injiniya. Su minti ashirin sun sallame ka. Ni kuwa sai na ce maka zauna, sai na tambaye ka, sai na kwashe, wani lokaci sai gobe. Mutane suka fara cewa Lawal ɓata lokaci gare shi. Janaretana ya ƙone a cikin bazarar nan, ban iya gyara shi ba. Sai in share shago da safe, in zauna har magariba, ba wanda ya shigo sai mai tambayar hanya. Abokai suka ce in sassauta, in yi yadda kowa ke yi, ai ba ni na ajiye musu kayan ba. Na ƙi, kuma har gobe ina ƙi.

A cikin wannan halin ne, wata ranar kasuwa, Alhaji Mamman ya shigo. Dillalin shanu ne daga Baure, dogo, mai rawani, irin dattijon da in ya yi magana sau ɗaya ba ya son maimaitawa. A bayansa akwai 'yarsa Rabi, budurwa 'yar shekara goma sha takwas haka, rungume da wani abu a naɗe cikin sabon zane. Da ta kwance, sai warin kafur ya cika shagon. Baƙar kwamfuta ce ta hannu, ka gani ka san ta daɗe a ƙasan akwati.

"Kai ne mai gyaran?" in ji Alhaji.

"Ni ne, Alhaji. Sannu da hanya."

"Yarinyar nan za ta yi jarrabawar nan da ake yi a kwamfuta, an ce sai ta saba hannu. Ga wannan, ta ƙi tashi. An ce wankewa ake yi a zuba sabo. Ka wanke ta, motar la'asar za mu bi."

Na jona ta, na kunna. Ta yi ta juyi ba ta shiga ba. Na kara kunnena a jikinta, na ji had-dis yana ƙas, ƙas, ƙas, alamar ya fara gajiya ke nan. Na kalli maɓallan, na ga wasu haruffa sun goge saboda bugu. Wanda ya yi amfani da wannan kwamfutar ya zauna da ita sosai, kuma ba wannan yarinyar ba ce, don ko inda ake kunnawa ba ta sani ba.

"Ta wa ce, Alhaji?"

"Ta gida ce."

"Akwai abin da ake buƙata a ciki? Hotuna, takardu, karatu?"

"Babu."

"Alhaji, in na goge fa ba ya dawowa."

"Na ce maka babu. Goge."

Rabi ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Na ce masa ni sai na kwashe abin da ke ciki tukuna, kuma da yake had-dis ɗin ba shi da lafiya, kwashewar za ta ci kwana ɗaya ko biyu. Ya sha mur.

"Ni da kayana za ka gaya wa yadda za a yi?"

"Kayanka ne, Alhaji, amma hannun nawa ne. Ba na goge abin da ban kwashe ba."

Ku sani, kwana tara ke nan ba wanda ya kawo mini aiki. Ya dube ni sama da ƙasa, ya naɗe kwamfutar a zanen da kansa, ya ce dama an gaya masa akwai yara a tasha da ba su da surutu. Ya fita. Rabi ta tsaya tana naɗe wayar caja, a hankali, kamar ba ta so ta gama. Sai da ta tabbata ya yi nisa, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, ta Yaya Nura ce. Shekara biyu ke nan ya rasu, a hanya, yana dawowa daga makaranta. Duk hotunansa da muryarsa suna ciki, ba mu da su a ko'ina. Shi ne ɗan farin Baba. Tunda aka haife ni ban taɓa jin ya kira sunansa ba, sai dai ya ce wancan yaron."

Ta ɗauki cajar ta bi bayansa, ba sai ta ƙara ba. Ni ma ɗan fari ne, har mahaifiyata ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa Lawal ba. Na san wannan alkunyar. Mutumin da ya ƙi kiran sunan ɗansa yana raye, ta yaya zai tsaya a gaban baƙo, a gaban 'yarsa, ya ce akwai hoton ɗana a ciki, ina so? Gara ya ce a goge, ya je ya haɗiye abinsa shi kaɗai. Ni ne na yi wauta da na yi masa tambayar da ba zai iya amsawa ba. Na jima ina juya maganar, sannan raina ya ɓaci, ban ma san da wa nake fushi ba. Na ja ƙofar shago ko kwaɗo ban sa ba, na nufi tasha da gudu-gudu.

Na same su a rumfar wani saurayi mai suna Bashir. Har ya ɗora kwamfutar a kan benci tsakanin wayoyin da yake caji, ya soka filas, ya wuce nes biyu. Shafin nan ne a buɗe, ɗaki uku a jere, ya riga ya haska na ƙasa, wanda ya fi girma, yatsansa na kan hanyar dilit, wato gogewa. Na kama hannunsa.

"Ɗaga."

"Haba Oga Lawal, kwastoman nawa za ka biyo har nan?"

"Na ce ka ɗaga."

Mutane suka fara taruwa, ranar kasuwa ce, ga 'yan acaɓa ba sa rasa abin kallo. Alhaji ya miƙe, fuskar nan a murtuke, ya ce, "Kai yaro, lafiyarka kuwa?" A nan ne fa aikin ya yi wuya. In na faɗi dalilina a gaban jama'a, na tsiraita dattijo, kuma na jefa 'yarsa a cikin laifi. Sai na ɗauki kwamfutar na kara wa Bashir a kunne.

"Me ka ji?"

"Ƙara ce kawai."

"Ƙarar mutuwa ce. Windon da za ka zuba a kan wannan had-dis ɗin ba zai kai ranar jarrabawar yarinyar nan ba. Alhaji, sabon had-dis take so, kuma ina da shi. A cire wannan, a sa wancan, a zuba windo a kan sabo. Ba jiran kwashewa, ba komai."

Ban yi ƙarya ba, rabin gaskiyar kawai na faɗa. Alhaji ya kalli Bashir, Bashir ya kalli ƙasa, don bai taɓa buɗe cikin kwamfuta ba a rayuwarsa.

"Za ta gama kafin motar la'asar?"

"In ba ta gama ba, gobe ni zan kai maka ita Baure da kaina."

Muka dawo shago. Batirin kwamfutar ya mutu saboda zaman akwati, wutar gari kuwa ba abin dogaro ba ce, in ta ɗauke a tsakiyar aiki sai an koma farko. Na roƙi maƙwabcina tela ya ba ni layi daga janaretansa, na ce masa ko gobara ake kar ya kashe sai na ce. Na kwance ƙusoshi, na zare tsohon had-dis na ajiye gefe a kan tsumma. Na ɗauko sabon da ya rage mini, guda ɗaya tak a shagon, na sa. Na soka mai jan zare, na kunna, na danna F12. Da muka iso shafin, ɗaki ɗaya ne fanko, ba abin kowa a ciki, na danna da zuciya ɗaya. Kwamfutar na gama ɗaukar windon ta mutu za ta sake tashi, na fizge filas ɗin, don in ka bar ta a jiki sai ta sake mayar da kai farko, ku yi ta zagaye har yamma. Na sa direbobi, na gwada sauti, na nuna wa Rabi inda ake kunnawa da inda ake kashewa. Ina ɗaura ƙusa ta ƙarshe ladan ya kira la'asar.

Alhaji ya nuna tsohon had-dis da bakin sandarsa. "Wannan fa?"

"Tsohon ƙarfe ne, Alhaji."

"Yar da shi."

"Bar shi nan kawai."

Ya ɗauka na amsa zan yar ne. Suka tafi.

Kwana uku na yi a kan ƙarfen nan. Sai ya yi aiki minti goma ya yi zafi, ya fara ƙas, ƙas, ya tsaya. Na matsa da teburina kusa da randa, na shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin faranti na ɗora shi a kai, na juya masa fanka. Ya huce in ɗiba kaɗan, ya yi zafi in bar shi. Ba na buɗe kayan mutane, sunayen kawai nake karantawa don in san me ya wuce me ya rage. Wasu sun ƙi fitowa, har yau ina jin haushinsu, amma mafi yawa sun shiga rumbu. A rana ta uku ya yi wani ƙas mai ƙarfi, bai sake motsi ba. Na manna masa takarda na rubuta Baure, na jefa shi a aljihun tebur.

Bayan wata biyu Rabi ta biyo ta shagon, wani maɓalli ya maƙale mata. Na gaya mata abin da na yi. Ta rufe fuska da hijabi ta yi kuka, ni kuma na yi kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin tebur. Na ce in juye mata a kwamfutarta? Ta ce a'a, in Baba ya gani zai ce ta saɓa masa. Ta ce, "Kuma Malam, ba zai taɓa tambaya ba, ni na san shi." Na ce mata ba komai, rumbuna ba ya cika da wannan. Sau biyu bayan nan wuri ya yi mini ƙaranci, na rasa inda zan juye kayan wasu, amma ban taɓa na Baure ba.

Sai bayan kaka, an gama ɗaure gero, na ɗaga kai wani hantsi na ga rawani a ƙofa. Alhaji Mamman ne, shi kaɗai. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya gida, ya iyali, ya kasuwa, ya amfanin bana. Ya zaro wayar cajin kwamfutar daga aljihu ya ce yarinyar ta ce tana zafi. Na gwada, lafiyarta ƙalau. Na gaya masa. Ya karɓa ya mayar aljihu, amma bai tashi ba. Ya tambaye ni ko ana samun ruwa a unguwarmu. Ya yi maganar tsadar dusa. Can ya juya yana kallon titi, kamar da wani mai wucewa yake magana.

"Wancan ƙarfen na ranar nan. An yar ko?"

"Alhaji, a shagon nan ba a yar da kayan mutane."

Ya ci gaba da kallon titi.

"Da sauran wani abu a ciki?"

Na ɗauko rumbu na jona a kwamfutata, na juya allon ya fuskance shi. Ba ya karanta boko, don haka na riƙa karanta masa sunayen a hankali, ban kalle shi ba. Makaranta. Sallah a gida. Karatu. Da na zo kan wani bidiyo da aka sa wa suna Baba a kara, sai ya ɗaga hannu.

"Taɓa wannan."

Na taɓa, na tashi na fita. Na tsaya a bakin ƙofa na ba shi baya, na tare hanya kar wani ya shigo. Amma kunne ba shi da ƙofa. Na ji kukan shanu da hayaniyar kara, sai ga muryar wani saurayi yana dariya.

"Baba, juyo mana. Ka kalli nan, sau ɗaya kawai."

Sai muryar Alhaji, ita ma daga cikin kwamfutar, "Kai, wuce ka ba ni wuri, ciniki nake yi."

Yaron ya sake fashewa da dariya, ya ce, "To na dai ɗauke ka." Shi ke nan, ya ƙare, ko minti ɗaya bai cika ba.

Can na ji an ce, "Malam Lawal, yaya ake mayar da shi farko?" Na shiga na kama yatsansa na ɗora a kan maɓallin, na sake fita. Wani ya zo da kwamfuta a jaka, na ce masa ya dawo gobe, ya ce tasha zai tafi, na ce Allah ya kiyaye hanya. Ban ƙirga sau nawa yaron nan ya ce Baba juyo ba. Na dai san inuwa ta tashi daga ƙafata ta koma bango ina tsaye.

Da ya fito, na miƙa masa sabuwar filas da na riga na juye komai a kai tun ranar da Rabi ta zo. Ya karɓa da hannu biyu, ya kwance bakin rawaninsa ya ƙulle ta a ciki. Idanunsa sun yi ja, ni kuma na yi ta kallon takalmansa. Ya yi taku biyu, ya tsaya, bai juyo ba.

"Nura," ya ce. "Nura sunansa."

To kai mai juya filas a yatsa, je ka yi mini wannan a minti ashirin.